Yadda Aka Sayar da Gidan Iya Mai Kitso

Shekarar da aka sallami maigidana daga soja ina goyon 'yata ta biyu, ta farin kuwa ta yi wayon da za a aike ta ɗauko ludayi. Ya dawo Haɗeja da akwatin ƙarfe, da takalmansa na aiki, da ƙafar hagu da yake ɗan ja tun raunin da ya samu a yaƙin basasa. Duk unguwa Kofur ake ce masa.

Gaskiyar magana, ban san shi sosai ba. An ɗaura mana aure bai daɗe ba ya tafi, daga nan kuma sai dai ya zo hutu kamar baƙo, kafin in gane yawan gishirin da yake so a miya ya koma. Don haka da ya dawo gaba ɗaya sai na zama mai kallonsa, kamar yadda manomi yake kallon gabas. In ya yi shiru gabana ya faɗi. In ya yi dariya in ce ko wani abu yake ɓoyewa.

Noma ya fi ƙarfin ƙafarsa. Gonar gidansu fadama ce wajen Auyo, shinkafa kuwa tana son wanda zai wuni cikin ruwa har cinya. Kamun kifi kuwa ba gadonsa ba ne. Sai ga wani abokinsa da aka sallame su tare ya fara zarya gidanmu, yana ba shi labarin aikin gadi a Ikko, wai kamfanoni tsofaffin soja suke nema, ga albashi ga kaki. Ina daga bayan zaure ina tankaɗe na ji maigidana ya tambaye shi, “Ana zuwa da iyali?” Abokin ya yi dariya ya ce, “Ɗakin da za a ba ka, in ka miƙe ƙafa sai ta leƙa waje.” Tun daga ranar ba ni da wani tsoro sai ɗaya, kada mutumin nan ya sake tafiya ya bar ni da yara.

Lokacin kuɗi sun fara yawo a gari. Ma'aikata da 'yan kwangila kowa yana neman inda zai kafa bulo ya ɗora kwano. Akwai wani tsohon dillalin gidaje da filaye a bakin kasuwa, aminin marigayi surukina ne, Alhaji muke ce masa. Shi ya ce wa maigidana ya zo ya riƙa binsa ya ga yadda ake yi. Na yi murna har na yi sadakar ƙosai.

Koyon dillanci ba a zaune ake yinsa ba. Da safe zai tafi, ya ɗauki lemar Alhaji da buzunsa, su shiga lungu su fita lungu. In ya dawo ya zauna yana maimaita mini abin da aka koya masa kamar mai tilawa. Wai in ka shiga gida kada ka kalli sama tukuna, ka kalli gindin katanga, nan ruwan bara yake barin shaidar inda ya kai, don a garin nan gidan da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki da damina. Ka duba inda indararo yake zuba, a naka ko a na maƙwabci, rabin shari'ar gari daga nan take tashi. Ka ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta cinye cikinta. Ka san wanda ya gina, da wanda ya gada, da wanda yake ganin an cuce shi.

Awo da taku ne ya fi ba shi wahala. Yakan auna tsakar gidanmu, ya je ya dawo, kuma saboda ƙafar nan kowane zuwa da abin da yake samu. 'Yarmu babba ta riƙa bin bayansa tana jan tata ƙafar, ita a dole haka ake yi. Ranar farko na zabura zan make ta, ya ce in ƙyale ta, ai ta fi shi iyawa.

Wata rana ya dawo ransa a ɓace ya ce Alhaji ya ce bakinsa na bariki ne. Ya ce, “Zauna nan. Ke ce mai gida, ni ne dillali.” Ya fita zaure, ya yi sallama, ya shigo ya tsaya ƙiƙam a kaina.

“Gidan nan na sayarwa ne?”

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, “Ko akuyar mutum ba a tambayarsa haka.”

“To yaya ake yi, malama?”

Na ce ya fara zama tukuna. Ya tambayi jiki, ya tambayi yara, ya yi jajen wanda ya rasu bara. Ya ce kai, soron nan yana shan wahala, bana ma sai an yi masa yaɓe, ga tsadar ma'aikata. Sannan ya yi shiru, mai gida da kansa zai kawo sauran. Ya dube ni ya ce, “Ashe ke ya kamata Alhaji ya ɗauka.” Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Sai dai akwai ƙa'ida. Mai koyo ba ya zama a tabarmar dillalai, ba ya shiga rabon la'ada, sai ranar da ya kawo gida da kansa, gidan da babu dillalin da ya san za a sayar. Kafin nan ɗan ɗaukar lema ne. Mutumin da ya riƙa ba mutane umarni a daji, ga shi yana bin tsoho da buzu a hammata, mahauta suna yi masa “hagu, dama” in ya wuce. Yana dariya a gabansu, amma ni nake ganin tuwon da yake ragewa. Cinikin gida kuma na rani ne, da ruwa ya sauka kowa ya koma gona, sai wata shekara. Ya gaya mini da bakinsa, ba da faɗa ba, cewa in ruwan fari ya zuba bai kawo komai ba, zai bi abokinsa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Iya mai kitso. Tsohuwa ce doguwa, mai ɗan goro a kumatu kullum, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidan babba ne, zaure da soraye da fili a baya inda take shuka kuɓewa da yakuwa, ita kaɗai a ciki sai kaji. 'Ya'yan mijinta maza, waɗanda uwarsu ta rasu suna ƙanana ita ta raine su, duk sun watse neman abinci. Tata 'yar ta cikinta, da ta haifa a auren fari, tana aure can wajen Guri.

Lokacin haihuwata ta fari maigidana yana bakin daga, innata kuma ruwa ya tare hanyar ƙauyenmu, ba ta iso ba sai bayan suna. Iya ce ta tsaya a kaina. Ita ta dafa ruwan jego safe da yamma, ita ta riƙa fyaɗa mini ganye ina kuka tana cewa, “Yi kukanki, gobe ke za ki gode.” Ita ta dama mini kunun kanwa. Ba dangin iya ba na baba, kuma ko sabulu na kai mata sai ta yi faɗa.

Wanda bai taɓa sa kansa a cinyar mai kitso ba ba zai gane yadda hirar wurin take ba. Fuskarki tana ƙasa, ba kya ganin idon kowa, hannu yana cikin gashinki, sai baki ya saki. Abin da aka faɗa a nan kuma a nan ake barinsa, tare da gashin da ya zube. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka, kowace mace ta sani.

Ranar da nake magana, zafi ya yi zafi, mu biyu ne kawai a inuwar soronta, jaririyar tana barci a kan zane. Tana tsaga da kibiya ta ce babban ɗan mijinta ya zo gaishe ta daga Malam Madori. Awon gyaɗa yake yi a can, gyaɗa kuwa ta mutu shekarun nan, ga 'yan mata ya tara na aurarwa.

Ta ce, “Ya kawo mini turmin atamfa da goro. Ya zauna ya tashi, ya zagaya baya wai zai kama ruwa, na leƙa na gan shi tsaye yana kallon filin kuɓewata. Ya dawo ya buɗe baki, sai ya ce, Iya, kajin nan suna ƙwai kuwa?”

Ta yi dariya har kaina yana girgiza a cinyarta.

Na ce, “Me yake so ya ce?”

“Ke ma kin sani. Gidan nan ba a raba shi ba tun rasuwar ubansu. Nasu ne, ni tumuni kawai gare ni. Amma wa zai kalli matar da ta wanke masa kashi ya ce a raba gado? Shi yana jiran ƙannensa su faɗa, su suna jiransa. Kunya ce take riƙe da rufin nan, 'yar nan, ba azara ba. Muddin ba wani na waje ya buɗe musu baki ba, daga ɗakin can za a fitar da ni.”

Ta tofar da goro ta ce in juya ɗaya gefen.

Ban fita gidan da niyyar komai ba, Allah ya sani. Amma tun ina ɗaura ɗankwali maganar take juyawa a cikina: wani na waje. Na riƙe ta kwanaki. In na kalli katangar Iya in ji kunya, in na kalli gabas in ga sama ta fara canja launi da la'asar. Iska ta juya, tsofaffi suka fara cewa an yi ruwa a kudu. Sai ran nan da hantsi na ga maigidana ya fito da takalman sojan nan ya zauna yana goge su. Ba ya sa su zuwa kasuwa, na san ba don Alhaji yake gogewa ba.

Da na kai masa abincin rana ban tashi ba. Na zauna ina gyara murfin kwano da ba abin da ya same shi. Na ce, “Ashe gidan Iya ba a raba shi ba.” Daga nan sauran ya biyo, har filin kuɓewa, har gyaɗar da ta mutu.

Ya tsayar da hannunsa cikin kwano.

“Ita ta gaya miki?”

“Hira ce ta kitso.”

“Ba ita ta yi miki wankan jego ba?”

“Ita ce.”

Na so ya ce mini tir, da na ji sauƙi. Na ce, “Ni dai ban ce a yi komai ba.” Ya ƙarasa cin abincinsa, ya wanke hannu, ya mayar da takalman cikin ɗaki. Washegari ya hau mota zuwa Malam Madori.

Yadda ya ba ni labari, bai ma sha wahala ba. Ya zauna, ya gaisa, ya yi jajen gyaɗa, ya ce gidan tsoho yana son yaɓe bana, ya yi shiru. Duk yadda na koya masa. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, “Kofur, Allah ne ya aiko ka. Amma kai za ka gaya wa Iya, ni ba zan iya ba.” Da Alhaji ya ji, wai ya buga cinya ya ce yau ɗan bariki ya gane sana'a, dillali aron baki ne, shi yake faɗa wa mutane abin da suke jin nauyin faɗa wa juna.

Ban san da waɗanne kalmomi ya gaya mata ba, ban tambaya ba. Na dai ga ya shiga da sallama ya fito yana share gumi. Bayan haka mutanen alƙali suka zo da mai unguwa da 'ya'yan gidan. Ina tsakar gidana ina wanke-wanke, ta kan katanga ina jin muryoyin maza, sai kuma aka yi tsit, na ji taku. Taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai ja. Daga zaure zuwa soro, daga soro zuwa baya, ta cikin kuɓewar. Na bar kwanukan cikin ruwa na shige ɗaki na rufe ƙofa da rana tsaka, 'yata tana tambayata ko kaina ke ciwo.

Wani ɗan kwangila ya saya, ba don gidan ba, don filin. Aka yi ciniki, aka ce an sallama, aka yi addu'a. 'Ya'yan kowa ya ce Iya ta zo ta zauna wurinsa, babban har da hawaye. Ta ce a'a, ba za ta je ta zama kaya a ɗakin matan 'ya'ya ba, za ta tafi wurin 'yarta. Mai sayen ya yi mata adalci ya ce ta zauna har ta kimtsa.

Ni kuwa na daina bin ƙofarta. In zan je unguwa sai in zagaya ta bayan masallaci. Kitsona ya tsufa, ya tashi, na tsefe na ɗaure da ɗankwali na bar shi haka. Ruwan fari ya zuba, maigidana yana gida, ranar har waƙa na ji yana yi wa jaririya. Na samu abin da nake so, kuma ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ƙasa.

Ita ta aiko. Ba aike ma ba, murya ta ɗaga ta kan katanga: “Ke matar Kofur, an ce kanki ya zama sheƙar balbela. Zo in gani.”

Na je. An ɗaure kayanta a zannuwa an jingina a bango, kajin an sayar. Ta zauna inda ta saba, ta nuna mini cinyarta. Na kwanta. Ta shafa man shanu ta fara tsaga, hannunta bai canja ba, ba ta ja da zafi ba. Da ta ja ma da na fi so.

Na ce, “Iya…”

“Riƙe kanki daidai.”

Na sake cewa, “Iya, maganar gidan nan…”

“Mijin naki ya fasa tafiya Ikkon?”

Ban san ta san da zancen Ikko ba. Na ce, “Ya fasa.”

“To.” Ta kama wani layin. “Na san kunnen da nake yi wa magana ran nan. Tsufa ne ya sa na manta kunnen yana da miji.”

Hawayena suka jiƙa mata zane. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, ni ma ban sami bakin roƙa ba. Ta ci gaba da ba ni labarin Guri, wai can kifi ya fi hatsi araha, sauro kuwa sai ka ɗaure ɗanka kada su ɗauke shi. Wai surukin nata masunci ne, ɗaki ɗaya za su ware mata kusa da inda ake bandar kifi, za ta mutu tana ƙamshin tarwaɗa. Tana faɗa tana dariya. Da ta gama ta dafa kaina ta ce, “Tashi. Wannan zai kai ki wata guda, daga nan ki nemi wata.” Na miƙa mata abin da ake bayarwa, karo na farko ta karɓa.

Ranar tafiyarta matan unguwa suka raka ta tasha. An ce mota za ta kai ta inda hanya ta ƙare, sauran kuma sai kwalekwale, don ruwa ya fara shigowa fadama. Na bi su daga baya da goyo. Ta yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina ta leƙa bayana ta ja kumatun yarinyar ta ce, “Ke dai ba ruwanki.” Ta hau.

Maigidana ya sami zama a tabarmar dillalai. Daga la'adarsa ta farko ya sayo mini atamfa, ya sayo wa yara takalma, ya aika wa innata buhun gero. Ba mugun mutum ba ne. Na lura shi ma ya daina bi ta ƙofar gidan Iya, har aka rushe shi bayan damina aka fara jera bulo.

Bayan tafiyarta da ɗan lokaci aka yi suna a unguwar gaba, na je. Tun daga zaure nake jin hayaniyar mata, ana shewa, wata tana ba da labarin yadda suka yi da mijinta. Na yi sallama na shiga. Aka amsa mini da kyau, aka matsa mini wuri a tabarma, aka miƙo mini waina. Sai dai labarin nan bai ci gaba ba. Wata dattijuwa mai barkwanci ta ce, “Ku yi ta lafiya lau, jama'a, ga dillaliya ta iso.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga nan hira ta koma kan tsadar manja da zazzaɓin yara har na tashi.

Abin da ba su sani ba, ba sai sun yi magana ba. Ina zaune idona yana aikinsa ba da izinina ba. Na ga turakun ɗaure dabba uku a gidan, akuya ɗaya. Na ga soron baya ya rufta tun bara ba a tayar ba, an jingina zana a bakinsa. Na ga ragon sunan ƙarami ne, kuma kwanukan jeren mai jegon sun ragu daga yadda na san su ranar da aka kawo ta.

Da na dawo maigidana yana zaune a tsakar gida, babbar tana kan ƙafarsa mai lafiya tana wasa da hularsa. Ya ce, “Yaya gidan sunan?”

Wataƙila gaisuwa ce kawai. Na kwance goyo, na shimfiɗa yarinyar, na tsaya ina ninke mayafi.

Na ce, “Lafiya lau. Wainar ta yi tsami kaɗan.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce Alhaji ya ce kowa ya buɗe ido, bana masu neman fili sun fi na bara, kuma gida ɗaya ba ya riƙe mutum a tabarma. Ya faɗa yana kallon 'yarsa, ba ni ba. Na ce to, na shiga madafa na hura wuta, na zauna a gabanta ina lissafin ko zuwa yaushe zan iya riƙe abin da na gani yau.